Tayar da tsohuwar G ɗina, 300 GD: inda aiki ya kwana

9 ga Janairu, 2025

Bismillah. Jiya da yamma janwe ya sauke ta a garejin Baba bakanike, yau kuma muka zagaye ta da rana tsaka muka ƙare mata kallo. Marsandi G ce, 300 GD ƙirar 1986, mai dogon shasi, ƙofa huɗu da ta baya, injin gas mai silinda biyar, giyar hannu. Ta jima a ajiye a bayan gidan wani ɗan'uwanmu a Zariya tun rasuwar mai ita, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya, ganyen darbejiya ya cika ƙasan gilashin gaba har ya ruɓe a wurin. Magada dai so suke a kwashe musu ita, ni kuwa na daɗe ina hangenta.

Dalilina ɗaya ne, gona. Gonarmu tana wajen Bunkure, kuma daga inda burji ya ƙare zuwa bakin fadama da damina ba ƙaramar mota da ke shiga, taki sai dai a amalanke ko a ɗaɗɗaura a babur buhu bibbiyu, shinkafa kuma in an yanka haka ake wahalar fito da ita. Mota nake so wadda za ta shiga taɓo ta fita, in ta lalace a jeji kuma a gyara ta da sifana da filaya ba sai an nemo mai kwamfuta ba. Wannan kuwa don haka aka ƙera ta tun asali.

Baba ya leƙa ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa shasi da guduma tun daga gaba har baya, ya miƙe ya ce Malam ƙashinta lafiya lau, sauran duk aiki ne da kuɗi.

21 ga Janairu

Injin tukuna, don in shi ya mutu to maganar ta canza. Aka zare nozul duka biyar aka ɗiɗɗiga baƙin mai cikin silinda aka bar shi ya jiƙa, sannan Baba ya sa babbar sifana a fulin ƙasa ya murza da hannu, ya juya sumul ba inda ya cije. Alhamdu lillahi.

Injin nan OM617 ne, lita uku, ƙarfin doki 88 kacal, irin wanda ke cikin tsohuwar Marsandi 300D da kowane tsohon bakanike a Kano ya sani, shi ya sa ma na kawo ta wurin Baba, ya ce tun yana yaron gareji yake kwance irinsa. Ba kwamfuta ko ɗaya a jikinsa, famfon mai na Bosch ne mai aiki da ƙarfe zalla, in ya tashi ko ka cire batir zai ci gaba da bugawa.

Tankin mai kam sai da aka sauke shi, gas ɗin ciki ya koma wani baƙin kwaɗo mai wari. An wanke, an canza filta biyun, ƙaramar da babbar, an canza tiyo na dawowar mai da ke tsakanin nozul don duk sun tsattsage.

2 ga Fabrairu

TA TASHI!! Wallahi har yanzu hannuna rawa yake.

Hita fulog biyu sun ƙone aka sa sababbi, yaron Baba ya yi ta danna ɗan famfon hannun nan da ke jikin injin har iska ta fita mai ya hau, aka kawo batir mai ƙarfi, kik na farko shiru, can sai ta yi tari ta saki farin hayaƙi ya turnuƙe garejin gaba ɗaya, masu shayin bakin titi suka taso kallo, sannan ta daidaita tana wannan ƙwas ƙwas ƙwas ɗin na tsohon injin gas. Allurar baƙin mai ta hau har sama ta tsaya.

Sai kuma aka murɗa makulli a kashe ta ta ƙi mutuwa, aka zare makullin gaba ɗaya tana nan tana bugawa. Baba ko a jikinsa, ya miƙa hannu ya danna wani ɗan ƙarfe a gefen injin da aka rubuta STOP a kai, ta yi shiru. Ya ce irin wannan injin da zuƙar iska ake kashe shi, akwai siririn tiyo daga famfon iska zuwa makulli zuwa bayan famfon mai, in ɓera ya ci shi to sai dai ka buɗe bonet. Ɓera kuwa ya ci, a wuri biyu ma.

16 ga Fabrairu

Yau maganar da nake gudu ta taso. Wani abokina ya zo ganin mota ya kawo wani mai aikin bodi, wai a yi mata abin da suke kira ofgired, a sa mata bamba da fitilu da giril na sabuwar G, a faɗaɗa mata kunkumi da roba, a sa rim inci ashirin da wani abu, a fesa baƙin fenti a liƙa tambarin AMG na Marsandi masu tsada, ka fito kowa ya ɗauka ta miliyan ɗaruruwa ce. Mai aikin ya nuna min hotuna a waya, kuma gaskiya ya iya aikinsa, amma na ce a'a, kuma zan ci gaba da cewa a'a.

Mutane yanzu in an ce G sai su tuna motar manyan 'yan siyasa da mawaƙa, ba su san daga ina ta fito ba. Tun 1972 kamfanin Daimler-Benz na Jamus da Steyr-Daimler-Puch na Ostiriya suka ƙulla yarjejeniyar ƙera motar jeji, e, Steyr ɗin nan dai da muka sani da tarakta da manyan motoci a Bauchi. Sarkin Iran na lokacin ya yi odar guda 20,000 don sojojinsa, sai juyin juya halin 1979 ya kifar da shi odar ta bi ruwa, a shekarar ne kuma aka fara ƙera motar a birnin Graz na Ostiriya, inda har yau can ake yin ta. To ga masana'anta an kafa ga babban mai saye ya tafi, dole aka dage wajen sayar wa manoma da ma'aikatan daji da 'yan kwana-kwana da masu tafiyar sahara. Irin tawa kenan, wadda suke kira 460, ta farar hula. Sojan Jamus ma da farko Volkswagen Iltis suka zaɓa, sai daga baya suka dawo suka sayi G suka sa mata suna Wolf. Faransa kuwa lasisi ta karɓa ta ƙera tata, Peugeot P4, bodin G ne amma injin Fijo, mai fetur ɗin ma na 504 ne, wannan ya ba Baba dariya sosai, ya ce ashe da injin Kaduna sojan Faransa ke yawo.

Wadda ake gani yau da kujerun fata da katako mai ƙyalli, wato 463, sai wajen 1990 ta fito. Ba na ƙin ta, mai kuɗinta ya saya Allah ya sa alheri. Amma ka ɗauki 460 mai lafiya ka yanke mata bamban ƙarfe ka liƙa roba, ka sa mata tayar da ko kan dutse ɗaya ba za ta taka ba, ka raba ta da abin da ya sa take da daraja kenan, ba ta zama sabuwa ba kuma ta daina zama tsohuwar. Ni abin yana min ciwo in na gan su a titi.

Bambancinta da ta soja fa ba shi da yawa. Shasi iri ɗaya, aksul iri ɗaya, na soja da yawa wutarsu bolt 24 ce saboda rediyon sadarwa tawa kuma 12, su tamfol ne a sama da benci a baya ni rufin ƙarfe da kujeru. Hinjin ƙofa duk a waje suke kana gani, sigina a saman mudgad yadda direba zai san inda kusurwar motarsa take, gilasai duk a miƙe ba lanƙwasa. Komai an yi shi ne don saurin gyara.

5 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma safe zuwa azahar. An ɗaga kafet an ga tsatsa, ƙasan ƙafar direba ya huje har kana hango ƙasa, ƙarƙashin gilashin gaba inda ganyen nan ya taru shi ma ya cinye, da gindin ƙofofin baya. Mai walda ya ce a cike da foti a wuce wurin, na ce a yanke a sa sabon ƙarfe. Da yake bodin duk a miƙe yake, falange kawai ya yanka ya lanƙwasa a kan bencinsa ya zauna daidai.

Inda sifirin ɗin baya ke zama a jikin shasi na sa aka kankare sosai don nan ne laka ke taruwa ta ci ƙarfe a ɓoye. Gefen dama ya ɗan yi laushi, an ƙara masa faranti.

24 ga Maris

Ba wani ci gaba sosai. Lagireto ya je wanki ya dawo, an canza famfon ruwa da tamostat. Wasu sun ce a cire tamostat ɗin gaba ɗaya wai ƙasarmu da zafi, Baba ya ce injin gas in bai ɗumama yadda ya kamata ba shi ma ciwo ne, a bar shi. An saita tafet, wato tazarar bawul, da injin a sanyaye, milimita 0.10 na shiga 0.30 na fita, ƙarar ta ragu sosai. Sai bayan Sallah kuma.

12 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. An shiga ƙafafu, kuma nan ne kuɗi ya fara zuba da gaske. Kayan injin ba wuya, ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce na 300D za a fito maka da shi sabo ko na Beljiyam. Amma abin da yake na G ne shi kaɗai, bushin na dogayen hannayen da ke riƙe aksul, da robar da ke share ƙwallon ƙafar gaba, da boris ɗin ciki, waɗannan sai an yi oda daga waje a jira.

Ƙwallon nan na ƙafar gaba abin kallo ne. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai sheƙi a kowane ƙarshen aksul, a cikinsa mahaɗin da ke juya taya yake zaune cikin giris, shi ke ba tayar gaba damar ja tana kuma lanƙwasa. Na hagu da aka buɗe giris ɗin ya haɗe da yashi ya zama kamar ƙasa, ƙwallon ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Yaran suka zauna da kalanzir da samfefa mai laushi suka goge shi har ya dawo yana ɗaukar ido. Mahaɗin kansa bai ci ba, Allah ya taimaka.

Wani ya kawo mana shokazoba a kwali mai kyau wai orijina, Baba ya danna ta da hannu ɗaya ta shige ba ta dawo ba, ya miƙa masa abarsa. Mun sa wasu daban.

Birki: gaba faranti ne baya ganga. Kalifa ɗaya ya cije, an kwance an canza robobi, an canza duk tiyon birki na roba ba tare da an tsaya duba wanne ne mai kyau ba, motar da ta kusa shekara arba'in ba a ciniki da birkinta.

3 ga Mayu

Yau ranar makullan aksul ce, abin da ya sa G ta zama G.

Ga masu tambaya me ake nufi. Kowace mota tana da wani haɗin haƙora a tsakiyar aksul da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, a kwalta alheri ne, amma a taɓo shi ne matsala, don duk ƙarfin sai ya tafi wa tayar da ke sulɓi, tana ta wulwulawa ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye. Makullin yana ɗaure su biyun su zama kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya, in wannan ya taka dole wancan ya taka. Motocin jeji da yawa ba su da shi ko ɗaya, wasu na baya kawai, wannan tana da na baya da na gaba.

Maɓallai biyu ne kusa da giya da kake ja sama, da man birki suke aiki, suna tura wani ɗan silinda a jikin kowane aksul, in ya kama fitila ta kawo a dashbod. Nata duka biyun sun daskare saboda rashin amfani, man ya koma ruwan tsatsa. An kwance, an goge, an sa sababbin robobi an fitar da iska. Muka ɗage ta a jak ƙafa huɗu a sama, na shiga na ja na baya, Baba na juya taya da hannu, sai ƙas, fitila ta kawo, ya juya ta hagu ta dama ta bi shi. Na gaba ya ɗan yi gardama kafin ya shiga.

Baba ya ja min kunne, ya ce Malam na gaba ba abin wasa ba ne, in ka ja shi sitiyari zai yi tauri motar ta ƙi kwana, a taɓo kawai, a hankali, kana fita ka sake shi, a kwalta kuwa ko na baya kar ka kuskura. Ya kuma ce ko da rani in riƙa jansu lokaci-lokaci a kan yashi don kar su sake daskarewa.

Ƙaramar giyar ma mun duba, tana da S na kwalta inda ƙafar baya kawai ke ja, SA ƙafa huɗu, sai N, sai GA ƙafa huɗu da ƙaramin gudu mai ƙarfi. Duk suna shiga. Akwatinta daban yake da babbar giya, wata gajeriyar furofela ce ta haɗa su, kuma ita ce ake zargi in motar na karkarwa a gudu, an canza mata kuros.

25 ga Mayu

Gilashin gaba ya tsage tun a Zariya. Da yake a miƙe yake, mai gilas ya auna tsohon ya yanko sabo, na dage sai mai leda a tsakiya irin na mota, kar a sa min na taga. Robar gefensa ce ma ta fi wuyar samu.

Mai waya ya gama nasa. Ya ce rabonsa da ganin mota mai sauƙin waya haka ya manta. An cire duk wasu ƙulle-ƙullen da aka yi mata a baya na rediyo da ƙarin fitilu.

Taya na sa mata inci 16 a kan rim ɗinta na ƙarfe, sirara masu tsayi masu manyan haƙora. Mai faɗi kyau take a ido, amma a laka siririya ce ke yanka ta sami ƙasa mai tauri, kuma rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe guduma ce maganinsa.

15 ga Yuni

Fitar farko a titi, daga gareji muka bi hanyar Zariya zuwa Kwanar Dawaki muka juyo. Ba ta da gudu, wannan a sani, kusan tan biyu ce a kan doki 88, in ta kai tamanin zuwa casa'in ta fi jin daɗi a nan, 'yan Sharon da Golf sai wuce mu suke suna hon. Ga ƙara a ciki sai ka ɗaga murya. Amma zaman da kake yi a sama kana ganin kusurwoyinta huɗu, da yadda take taka rami ba ta damu ba, da ƙarar rufe ƙofar nan tata, ni dai na gamsu. Zafi bai hau ba ko a cunkoso.

Da dare na kasa barci na koma karanta labarin irinta. A tseren Faris zuwa Dakar na 1983, shekarar da aka fara ratsa hamadar Tenere har guguwar yashi ta ɓatar da mutane da dama, G ce ta zo ta ɗaya a motoci, 280 GE, Jacky Ickx na tuƙi Claude Brasseur na gefensa, ta Agadas suka bi. Sai kuma wani Bajamushe Gunther Holtorf da ya ɗauki 300 GD irin tawa sak ya yi shekara 26 yana zaga duniya da ita, kusan kilomita 900,000, da injinta na asali, ya gama a 2014 aka kai motar gidan tarihin Marsandi. Sirrinsa dai bai wuce rashin gudu da canza kaya kafin su lalace ba, shi ma Baba abin da yake ta faɗa kenan.

20 ga Yuli

An kai ta gona. An kwana ana ruwa, na loda taki buhu takwas a baya da ƙanena da yaron Baba ɗaya da akwatin sifanu da igiya saboda ko ta kwana.

Inda burji ya ƙare na tsaya na sa SA. Rabin farko ba komai, santsi ne kawai. Wurin da nake tsoro shi ne wani kwari kafin fadama inda shanu da amalanke suka dama wurin ya zama kunu, ga wani rami a gefen hagu da tarakta ta haƙa bara. Na sa GA, giya ta biyu, na ja makullin baya tun kafin in shiga, fitila ta kawo. Muka shiga tana tafiya a hankali laka na tashi har gilashin gefe, a tsakiya sai hagu ta zurma, motar ta karkace ta tsaya, ina jin ƙafar gaba ɗaya tana juyawa a banza. Na taka kuloci na ja na gaba, na ɗan motsa kaɗan fitila ta biyu ta kawo, na saki kuloci ban ƙara wuta sosai ba, sai ta yi wani nishi ta ɗago kanta ta haye. Ƙanena sai kabbara yake. Masu aiki a gonar maƙwabta suka bar fartanya suka zo, wani dattijo ya dafa bonet ya ce yau taki ya zo har bakin kunya.

Da muka dawo aka wanke ƙarƙashinta tas, don lakar da ta kwana a shasi ita ce tsatsar baɗi.

3 ga Agusta

Bayan zuwa gonar abubuwa sun fito. Akwatin ƙaramar giya na ɗigar da mai ta sil ɗin baya, ba da yawa ba amma kullum da safe akwai tabo a ƙasa. Ruwa na shigowa ta ƙasan ƙofar direba, robar ta mutu. Allurar mai tana tsayawa a rabi ko an cika tanki. Birkin hannu ba ya riƙewa a gangare in da kaya.

Kujeru har yanzu bargo ne a shimfiɗe a kai, zan kai wa mai ɗinki ya yi musu tamfol mai kauri wanda za a iya gogewa da tsumma. Fenti sai bayan damina in iska ta bushe, kuma kalarta ta asali za a mayar, ruwan ƙasa mai haske, mun same ta a cikin murfin tanki inda rana ba ta taɓa ba. Mai ofgired ya sake aiko saƙo wai tunda za a yi fenti ai dama ce, na gode masa na ce tana nan yadda take.

Sil ɗin ya iso jiya. Baba ya ce in kawo ta Talata da sassafe kafin gareji ya cika, a sauke furofelar baya a canza shi, in lokaci ya ragu a duba birkin hannun.